"Wandon bara har yanzu cif ya yi masa": me ke sa tsayin yaro ya tsaya, kuma yaushe ya kamata a damu?

Ana saura mako guda ƙaramar Sallah yayata ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Kai da kake ta karatun abinci da jikin ɗan'adam, zo ka duba min yaron nan. Na ɗauko wandonsa na Sallar bara zan bayar, na ce bari in gwada masa, wallahi cif ya yi masa. Shekara guda fa!"

A lokacin yaron bai daɗe da cika shekara uku ba. Ɗan maƙwabciyarta, wanda nata ya girma da wata biyu, ya kere shi sosai. Surukarta ta ce a je kemis a sayo maganin cin abinci. Wata ƙawarta ta ce ƙila yayyensa ne suke tsallake shi in yana kwance. Maigidanta kuwa ya ce a ƙyale yaro, danginsu ai duk haka suke. Ita dai barci ya ƙaurace mata.

Ni ba likita ba ne, ɗalibin digiri na biyu ne a kimiyyar abinci mai gina jiki. Amma tambayar tata tana da amsa a kimiyyance, kuma na san iyaye da yawa suna ɗauke da irinta a zuci. Shi ya sa na ga ya dace in kawo bayanin nan: yadda yaro yake tsayi, yadda ake gane ko da gaske tsayin ya tsaya, da abin da za a yi.

Daga ina tsayi yake fitowa?

A kusa da bakin kowane dogon ƙashi na yaro, kamar na cinya da na ƙwauri, akwai wani siririn faifai na guringuntsi. A nan ake aikin tsayi. Ƙwayoyin halittar da ke cikin faifan suna rarrabuwa, su yi layi, su kumbura, sannan kalsiyam ya zauna a kansu su zama ƙashi. Da wani layin ya zama ƙashi, sabo ya fito a bayansa. Haka ƙashin yake miƙewa kaɗan-kaɗan har zuwa ƙarshen balaga, lokacin da faifan yake rufewa gaba ɗaya. In ya rufe, tsayi ya ƙare ke nan, babu maganin da zai sake buɗe shi.

Aikin nan kamar gini ne. Akwai mai ba da umarni, akwai kayan aiki. Mai ba da umarnin shi ne homon ɗin girma, wani sinadari da ke fitowa daga wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ana kiranta fitutari. Ya fi fitowa lokacin da yaro ya yi nisa cikin barci. Shi ne yake sa hanta ta samar da wani sinadarin mai suna IGF-1, wanda yake zaburar da faifan guringuntsin. Homon ɗin tayirod, wanda ke fitowa daga gaban wuya, inda maƙoƙo yake fita, shi ma dole ne a tafiyar. Kayan aikin kuwa abinci ne: furotin, kalsiyam, zink, ayodin, bitamin D da sauransu.

Jiki yana da wayo. Idan abinci ya yi ƙaranci, ko ciwo ya daɗe, sai ya fara kare abin da rai ya dogara a kai, wato ƙwaƙwalwa da zuciya da yaƙi da cuta, ya jingine ginin ƙashi tukuna. Shi ya sa masana suke ɗaukar tsayin yaro a matsayin madubin lafiyarsa na tsawon lokaci. Nauyi yana ba ka labarin makonnin da suka wuce, tsayi kuma labarin watanni da shekaru.

Gudun girma yana raguwa, kuma haka aka yi shi

Abu na farko da na gaya wa Yaya shi ne, kada ta auna ɗan shekara uku da ma'aunin jariri. Jariri yana zuwa duniya da tsawon kimanin santimita 50. A shekarar farko yana ƙara kusan santimita 25, wato rabin tsawon da aka haife shi da shi. A shekara ta biyu ƙarin yana saukowa zuwa wajen 12, a ta uku wajen 8. Daga shekara huɗu har zuwa gab da balaga, santimita 5 zuwa 6 ne a shekara.

Ku lissafa da kanku. Santimita 6 a shekara rabin santimita ke nan a wata. Babu idon da zai ga wannan, balle idon uwa da take kallon yaron safe da yamma. Uwar da ta saba canza kayan jariri duk wata biyu, dole ta ga kamar abin ya tsaya cak idan yaro ya shiga shekara ta uku.

Ƙari a kan haka, girman ba ya tafiya a miƙe kamar agogo. A shekarar 1992 wata masaniya 'yar Amurka, Michelle Lampl, da abokan aikinta sun wallafa bincike a mujallar Science. Sun riƙa auna jarirai a kai a kai, wasu kowace rana, sai suka ga yaro yana iya kwashe kwanaki ko makonni bai ƙara komai ba, sannan cikin kwana guda ya ƙara rabin santimita ko fiye. Masana sun yi ta muhawara a kan sakamakon, amma darasin da ya shafe mu a fili yake: awon wata ɗaya ko biyu ba ya isa a yanke hukunci.

Wando kuwa ba ma'auni ba ne ko kaɗan. Telolinmu da ma sukan ɗinka wa yaro kaya da ragowa don ya daɗe yana sawa. Kuma a wannan shekarun tumbin yarinta yana sauka, ƙugu ya ƙara sirancewa, sai wando ya ci gaba da shiga ko da ƙafa ta ƙara tsawo.

Yadda ake awo a gida

Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi, a kan wani allo na musamman, kuma mutum biyu ne suke yi. Wannan aikin asibiti ne. In kin kai shi awo ko rigakafi, ki roƙi ma'aikaciyar ta auna tsawonsa ta rubuta a kati, domin a wurare da yawa nauyi kaɗai ake ɗauka.

Daga shekara biyu zuwa sama ana iya yi a gida:

- A sami bango miƙaƙƙe da daɓe mai laushin shimfiɗa, ba tabarma ko katifa ba.
- A cire takalmi da hula. In yarinya ce mai kitson da ya yi tudu, a bari sai an tsefe.
- Diddige da mazaunai da kafaɗu da ƙeya su taɓa bango, yaron yana kallon gabansa.
- A ɗora littafi mai kauri a kansa, gefensa manne da bango, a ja layi a ƙarƙashinsa.
- A auna daga ƙasa zuwa layin da tef ɗin tela. A yi sau uku a ɗauki na tsakiya.
- A rubuta kwanan wata. A sake bayan wata shida, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, saboda mutum ya fi tsawo da safe da kusan santimita guda fiye da yamma.

Awo ɗaya yana nuna inda yaro yake. Awo biyu da tazarar wata shida su ne suke nuna ko yana tafiya. Na biyun nan ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba. Gajeren yaron da yake ƙara santimita 6 kowace shekara ya fi kwantar da hankali a kan dogon da ya yi shekara bai motsa ba.

Da wa za a gwada shi?

Ba da ɗan maƙwabta ba dai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin girman yara a shekarar 2006, bayan ta bi diddigin yara kusan 8,500 daga 1997 zuwa 2003 a ƙasashe shida: Barazil, Ghana, Indiya, Nowe, Oman da Amurka. An zaɓi yaran da suka sha nonon uwa, iyayensu mata ba sa shan taba, kuma suna da halin kula da su. Abin da aka gano ya ba mutane da yawa mamaki: har zuwa shekara biyar, yaran Accra da na Oslo da na Delhi tsayinsu kusan ɗaya ne.

Ga wasu alƙaluma daga ma'aunin, a santimita. Na farko shi ne matsakaicin tsayi, na biyu kuma layin ƙasa:

- Shekara 1: namiji 75.7, layin ƙasa 71.0, mace 74.0, layin ƙasa 68.9
- Shekara 2: namiji 87.1, layin ƙasa 81.0, mace 85.7, layin ƙasa 79.3
- Shekara 3: namiji 96.1, layin ƙasa 88.7, mace 95.1, layin ƙasa 87.4
- Shekara 4: namiji 103.3, layin ƙasa 94.9; mace 102.7, layin ƙasa 94.1
- Shekara 5: namiji 110.0, layin ƙasa 100.7, mace 109.4, layin ƙasa 99.9

Ku lura da faɗin tazarar. 'Yan shekara uku biyu, ɗaya santimita 90, ɗaya 102, dukansu lafiyayyu ne a ma'auni, alhali in suka jera sai ka rantse akwai shekara biyu a tsakaninsu. Wanda ya faɗo ƙasa da layin ƙasa shi ne ake buƙatar a bincika. Ko a cikin lafiyayyun yara, biyu zuwa uku cikin 100 za su faɗo ƙasa da layin ba tare da wani ciwo ba.

"Danginmu duk haka muke"

Maigidan Yaya yana da gaskiyarsa. Gado yana da babban kaso a tsayin mutum, kuma likitocin yara suna da wani sauƙaƙƙen lissafi na hasashe. A haɗa tsayin uba da na uwa. In namiji ne a ƙara 13, in mace ce a cire 13, sannan a raba biyu. Misali uba santimita 170, uwa 158: ɗansu zai tashi wajen 170.5, 'yarsu wajen 157.5, da sassaucin kusan santimita 8 sama ko ƙasa.

Akwai gajartar gado, inda yaro gajere ne amma yana ƙara abin da ya kamata kowace shekara, kuma iyayensa ma gajeru ne. Akwai kuma jinkirin girma na gado, inda yaro yake zama ƙarami a cikin sa'o'insa, ya makara wajen balaga, sannan daga baya ya miƙe ya kamo su. In aka bincika sau da yawa za a ji babansa ko kawunsa ma haka ya yi. Haka nan jaririn da aka haifa ƙato ga gajerun iyaye yakan rage gudu tsakanin wata shida da shekara biyu don ya koma layin gidansu. Duk waɗannan ba ciwo ba ne.

Sai dai akwai tarko a cikin maganar gado. Idan iyayen su ma rashin abinci mai kyau ne ya danne su tun suna yara, to gajartarsu ba ta jini ba ce, ta yanayi ce. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar suna ƙasa da layin da muka ambata. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne, a Kudu maso Gabas kashi 18. Ku tuna, a al'umma mai lafiya kashi biyu zuwa uku ake tsammani. Gado ba zai iya bayanin wannan tazarar ba. Kuma a unguwar da fiye da rabin yara suka gajarta, ido yana sabawa, har gajartar ta zama kamar ita ce daidai.

Tsumburewa

Wannan shi ne sunan gajartar da rashin abinci mai gina jiki da yawan ciwo suke jawowa. Yara kusan miliyan 150 ne suke fama da ita a duniya. Ta bambanta da tamowar da muka fi sani, mai rama da kumburi, wadda kowa yake gani ya ruga asibiti. Yaron da ya tsumbure yana iya zama da kumatunsa, yana wasa, yana dariya. Kawai dai in ka ji shekarunsa sai ka yi mamaki. Ko tef ɗin nan mai ja da ɗorawa da kore da ake zagaya damtse da shi rama yake ganowa, ba ya auna tsayi.

Mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Abubuwan da suke haɗuwa su jawo ta sun haɗa da:

Halin da uwa take ciki. Uwar da ba ta samun isasshen abinci, ko mai ƙarancin jini, ko wadda zazzaɓin cizon sauro ya addaba da ciki, ko wadda ita kanta ba ta gama girma ba, takan haifi jariri ƙarami. Yawancin irin waɗannan jarirai suna kamo sa'o'insu kafin shekara biyu, amma kusan ɗaya cikin goma ba ya kamowa.

Abincin da ke cika ciki kawai. Daga wata shida nono kaɗai ba ya isa. Abin da muka fi ba yara a wannan lokacin shi ne koko tsararo, mai yawan ruwa. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, kofi guda ya cika shi, amma abin ginin da ke ciki kaɗan ne. In aka yaye shi kuma sai shayi da burodi da biskit da tuwo da 'yar miya a gefe. Ya ƙoshi, amma faifan guringuntsi bai sami kayan aiki ba.

Ciwo a kan ciwo. Gudawa, zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, ciwon haƙarƙari, tsutsar ciki. Kowane ɗaya yana tsayar da girma na ɗan lokaci. In yaro ya sami sarari da abinci yakan rama abin da ya rasa. In kuwa wani ciwon ya riske shi kafin ya farfaɗo, bashin sai ya taru.

Hanjin da ya gaji. Tun farkon shekarun 1990 bincike a ƙauyukan Gambiya ya nuna cewa yara da yawa bangon hanjinsu yakan kumbura ya daina tsotse abinci yadda ya kamata, ko da ba sa gudawa.

Fumfunar hatsi. Gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba sukan yi fumfuna mai fitar da guba mai suna aflatoksin. Wani bincike da aka wallafa a 2002 a kan yara 480 a Benin da Togo ya gano cewa yaran da suka tsumbure sun fi sauran yawan gubar a jininsu.

Abin da ya sa masana suke ɗaga murya a kan tsumburewa ya wuce maganar tsayi. Lokacin da ƙashi yake rasa kayan gini, ƙwaƙwalwa ma tana rasawa. A ƙasar Gwatamala, tsakanin 1969 da 1977, an riƙa raba wani kunu mai furotin a wasu ƙauyuka. Da aka koma bayan shekaru da dama, sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu suna samun kuɗin aiki da ya ɗara na sauran da kusan kashi 46 cikin 100.

Cututtukan da ke ɓuya a bayan gajarta

Wani yaron kuma abinci ba ya rasawa, gidansu tsaf, amma tsayin ya ƙi. A nan ake neman ciwon da ke ɓoye. Sikila tana sahun gaba a wajenmu, don haka duk gajeren yaron da ba a san rukunin jininsa ba ya kamata a gwada. Akwai ciwon zuciya na haihuwa, ciwon ƙoda, tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanjin da ke sa jiki ya ƙi alkama.

Akwai ciwon laushin ƙashi mai sa gwame ko ƙafar baka. A ƙasashen sanyi rashin bitamin D ne yake kawo shi. Amma wani bincike da aka yi a Jos, wanda Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa a 1999, ya nuna a wajenmu ƙarancin kalsiyam a abinci ne kan gaba, domin yaran da aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa.

Sai matsalar homon. Yaron da tayirod ɗinsa ba ya aiki sosai yakan zama gajere, mai sanyin jiki, mai yawan barci, da taurin bahaya da bushewar fata. Ƙarancin homon ɗin girma kuwa bai cika yawa ba, yaro ɗaya ne cikin dubbai. Shi ne aka gano a jikin Lionel Messi yana ɗan shekara goma zuwa sha ɗaya a Ajantina, ya riƙa yin allurar homon, kuma daga baya ƙungiyar Barcelona ta ɗauki nauyin maganin. Ga 'ya'ya mata akwai larurar Turner, wadda ke samun kusan ɗaya cikin 2,500, kuma wani lokacin gajarta ce kaɗai alamarta a yarinta.

Likitoci suna da wata alama da suke fara dubawa. Idan nauyi ne ya fara faɗuwa sannan tsayi ya bi baya, sun fi zargin abinci ko ciwo mai daɗewa. Idan kuwa yaro yana da ƙibarsa amma tsayi ya tsaya, sai hankalinsu ya koma kan homon.

Maganin kemis

Nan ne na fi jan kunnen Yaya. Yawancin ruwan maganin da ake sayarwa da sunan buɗe ciki yana ɗauke da sinadarin sifroheftadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne. Yana sa yunwa, yana sa barci, amma ba maganin tsayi ba ne. Wanda ya fi shi haɗari shi ne deksametason, irin wanda ake kira sha-ka-fashe. Yana kumbura fuska da ciki, uwa ta ga yaro ya yi kumatu ta ji daɗi, alhali irin wannan magani in aka daɗe ana sha kai tsaye yake rage aikin faifan guringuntsi, ya raunana garkuwar jiki. Wato an sayi ƙiba an biya da tsayi. Allurar homon ɗin girma kuma ta waɗanda gwaji ya tabbatar suna buƙata ce, a hannun ƙwararren likita.

Tsallake yaro kuwa, ko sau ɗari aka yi, ba ya taɓa faifan guringuntsi.

Abin da ke hannunmu

Nonon uwa zalla wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba da shayarwa har shekara biyu tare da abinci. Daga wata shida zuwa takwas a ba da abinci sau biyu zuwa uku a yini, daga wata tara sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kunun ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba, a sa masa garin gyaɗa ko na waken suya da ɗan mai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba abincin yara gida takwas, ta ce a samu aƙalla biyar kowace rana: nonon uwa, hatsi da doya da dankali, wake da gyaɗa, madara da kindirmo, nama da kifi da hanta, ƙwai, ganye da kayan marmari masu bitamin A irin su zogale, alayyafo, kabewa, karas, mangwaro da gwanda, sai sauran kayan lambu. Ba sai an shiga babban kanti ba. Faten wake da alayyafo da dakakken busasshen kifi ya haɗa gida uku a kwano ɗaya. Awara da kindirmo suna nan a kowace unguwa.

Game da ƙwai, a bar camfin nan na cewa yana sa yaro sata. A Ekwado, binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna ƙwai ɗaya a rana na tsawon wata shida ya rage tsumburewa da kashi 47 cikin 100 a tsakanin jariran da aka ba. Da aka maimaita a Malawi, inda yaran da ma suna samun kifi, ba a ga irin wannan bambancin a tsayi ba. Darasin shi ne babu wani abinci guda mai yin siddabaru, abin da yaro ya rasa shi ake cike masa.

Sauran su ne abubuwan da muka sani amma muke sakaci da su: kammala rigakafi, karɓar bitamin A duk wata shida, maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya, kwana cikin gidan sauro, maganin kariyar zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina, gishiri mai ayodin, wanke hannu da sabulu, raba wajen wasan yaro da wajen kaji, da tsince gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. In gudawa ta zo, a ba da ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, kada a daina ba da abinci, kuma bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a yini na mako biyu. Ga wanda ya wuce shekara biyu, rama tsayin da aka rasa yana da wuya, amma gyaran abinci da lafiya yana nan da amfaninsa ga ƙwaƙwalwa da sauran girman da ke gaba.

Yaushe za a tafi asibiti?

- Tsayinsa yana ƙasa da layin ƙasa na shekarunsa.
- Ya yi wata shida bai ƙara komai ba a awo mai kyau, ko ya haura shekara huɗu yana ƙara ƙasa da santimita 4 a shekara.
- Yana ramewa, ko ƙafafunsa suna kumbura.
- Gudawa ko tari ko zazzaɓi da ya ƙi ƙarewa, yawan haki, ɗashewar ido da tafin hannu.
- Ƙafa ta lanƙwashe, ko hannu da ƙafa sun gajarta fiye da gangar jiki.
- Ya makara wajen zama, tafiya ko magana.
- Ciwon kai da amai da safe, matsalar gani, ko yawan ƙishirwa da fitsari. Wannan kam ba a jira.

A tafi da katin rigakafi, da awon da aka yi a gida, da tsayin uwa da uba. Likita zai iya neman gwajin jini da fitsari da bahaya, da hoton ƙashin hannun hagu, wanda yake nuna shekarun ƙashi da sauran damar da ta rage.

Ranar da na je gidan Yaya mun jingina yaron da bangon falo, muka samu santimita 90. Yana ƙasa da matsakaici, amma yana saman layin 88.7. Da muka zauna lissafi sai ta tuna da daminar da ta wuce zazzaɓi ya kwantar da shi sau biyu, ga gudawa a tsakani, kuma abincinsa bai wuce shayi da burodi da taliya ba. Ta kai shi wajen likitan yara, aka gwada jininsa, aka samu ba shi da sikila amma jininsa ya yi ƙasa kaɗan. Aka ba shi maganin ƙarin jini da na tsutsa, ita kuma ta shigo da ƙwai da wake da kindirmo. Maganin kemis ɗin ba a saya ba, duk da sai da maigidan ya sa baki kafin surukar ta haƙura.

Bayan wata shida ta turo min hoton bangon, layi biyu da kwanan wata a gefen kowanne, na sama a kan 93.5. Har yanzu ɗan maƙwabciyar ya fi shi tsawo, kuma wataƙila haka za su tashi. Na ce mata, "Yaya, ki bar layukan nan kada a shafe su da fenti, nan da wata shida za mu ja na uku."